Mutanen Bali sun rubuta maganin ɗiyansu, mu namu yana bin tsofaffi kabari

Assalamu alaikum Edita, ina gaishe ka da aiki kai da ma'aikatanka. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan maganin gargajiya da muke ba jarirai, abin ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Akwai wani tsibiri can Indunusiya ana ce mashi Bali. Mutanen wurin tun kaka da kakanni sunka riƙa rubuta ilimin maganinsu kan ganyen lontar, wata itaciya dangin giginya, su zana rubutun da 'yar wuƙa su shafa baƙi ya fito. Littattafan maganin usada sunansu, kuma akwai wanda ake ce ma Usada Rare, shi na ciwon yara ƙanana ne, akwai Taru Pramana mai lissafa itatuwa da amfanin kowanne. Tun 1928 anka buɗe gidan adana irin waɗannan rubuce rubucen a garin Singaraja, Gedong Kirtya, yana nan har yau, sannan a 2019 gwamnan Bali ya sa hannu kan dokar da ta tsara aikin masu maganin gargajiya.

Suna da na sha da suke ce ma loloh, amma abin da ya fi burge ni shi ne na shafawa. Boreh ake ce mashi, a jiƙa shinkafa a niƙa da su citta da kanumfari a shafa a jiki don ɗumi, in kuma yaro jikinsa ya yi zafi sai uwa ta yanka jar albasa ta haɗa da man kwakwa ta mulke shi. Ban ce duk abin da ke cikin littattafan nasu daidai ne ba, Hindu ne mafi yawansu kuma akwai surkulle na addininsu da ba ruwanmu da shi, sannan albasa ba ta kashe maleriya. Amma abin da ke rubuce ana iya ɗauko shi a kai ɗakin bincike a ce wanga na aiki, wancan a bar shi.

To mu fa? Muna da sabara, bagaruwa, kalgo, marke, tazargade, muna da ungozomomi da sunka karɓi haihuwar rabin gari, amma komi a ka yake, tsohuwa na rasuwa shi ke nan an rufe ta da saninta. Abin da ya rage hannun 'yan baya sai kintace. Ka shiga gidan jego ka ga dauri cikin tsohuwar robar lemu ya kwana da kwanaki har ya yi kumfa, kaka ta kwantar da jariri bisa cinya ta toshe mashi hanci ta ɗura, yana shiɗewa ana cewa ai haka anka yi ma ubanshi. Wallahi raina ɓaci yake in na gani, don ruwan kan iya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu, kuma ba mai iya gaya maka saiwar mi ce ciki ko nawa ya kamata a ba. Ma'aikatan lafiya kullum suna faɗi a rediyo, nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da shi, zuma kuma sai yaro ya shekara. Ga masu mota da lasifika ran kasuwa, kwalba ɗaya wai ta shawara ce ta haƙori ce ta tamowa ce, ba lambar NAFDAC ba komi.

Mu 'yan Zamfara bai kamata a tuna muna ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, iyaye da yawa sun ɗauka iska ce ke sa su farfaɗiya. Wancan daga haƙar zinari ne, na sani, amma har tozalin da ake ranɓaɗa ma jarirai an sha samun dalma cikin wasu.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiha da Jami'ar Tarayya Gusau, a tura ɗalibai ƙauyuka su zauna da ungozomomi da wanzamai cikin mutunci, ba da raini ba, a rubuta abin da sunka sani da boko ko da ajami tunda shi ma muna da shi, sunan itace, ɓangaren da ake ɗiba, yadda ake haɗawa. A gwada, wanda ya yi kyau a faɗa muna awonshi, mai cutarwa a sa limamai da hakimai su yi shela. Kafin nan ina roƙon iyayenmu mata da surukai, don girman Allah a bar ɗurar nan, jaririn da bai kai wata 2 ba in jikinshi ya yi zafi ko ya ƙi kama nono asibiti za a kai shi ranar, kar a jira a ga aikin jiƙo.

Na gode Edita, Allah ya ƙara ma jaridarga ɗaukaka.

Wata uwa daga Talata Mafara, Jihar Zamfara