Amsa ga Malamin da ya ce ina ruɗa yara da lambar Turawa

Assalamu alaikum Malam,

Na ga tambayar da ka jefo mini a Facebook: wai me lamba mai alƙaluma miliyan 41 za ta tsinana wa yaran da ba su iya lissafin canji ba, kuma ni kaina na fahimce ta ne, ko haddace ta na yi daga Turawa? Maganar canji mai sauƙi ce, ka aiki ɗaya daga cikin ɗalibaina kasuwa ka gani. Kalmar hadda ce ta sosa mini rai, bayan shekarun da na kwashe da alli a hannu.

Lambar ita ce: ka jera 2 sau 136,279,841, ka ninka su, ka cire 1. Luke Durant ne ya gano ta a Oktoban 2024 a ƙarƙashin GIMPS, shirin masu neman irin waɗannan manyan lambobi da kwamfuta, kuma alƙalumanta 41,024,320 ne. Ba ta rabuwa da komai sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan ana danganta su da Marin Mersenne, wani malamin coci na Faransa, kuma ita ce ta 52 da aka sani.

Ga abin da ya faru a ajin da ba ka taɓa shiga ba. Na sa yara su yi ta ninka 2, suna duba alƙalamin ƙarshe: 2, 4, 8, 6, sai ya sake komawa 2. Wata yarinya a layin baya ta raba 136,279,841 da 4, saura 1, wato ninkin da 2 ya ƙare kafin a cire 1, ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe da 1 ta ƙare!" Ba ta ga lambar ba, ba kuwa allon da zai ɗauke ta, amma ta faɗi gaskiya. Wannan kake kira hadda?

Na kuma nuna musu tarko. Ko da yake 11 ba ta rabuwa, idan aka jera 2 sau 11, aka ninka su, aka cire 1, 2,047 ake samu, wato 23 sau 89. Shi ya sa sai an gwada kowace. Kuma duk wadda ta tsallake gwaji tana haifar da cikakkiyar lamba, irin 28, wadda masu raba ta, 1, 2, 4, 7 da 14, in an tara su suke ba da ita.

Da ka ce lissafin Turawa ne, ka manta da Muhammad al-Kashnawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Kana da lambar wayata, Malam. Ka zaɓi bainar jama'a ne saboda zaɓen ƙungiyar iyaye da malamai ya ƙarato, kowa ya sani. Da yaran ne a ranka, da ka tambayi dalilin da ya sa da kuɗin aljihuna nake sayen alli, kuma rabin ajin a ƙasa suke zama. Ina ajin ranar Litinin da safe, ka zo ka zauna kusa da yarinyar nan.

Wassalam,
Malamin lissafi