Sanarwa: Tattaunawar daren Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan isha'i za mu tattauna kan yafiya da shiru.

A 1967 marubucin waƙoƙi Paul Celan, Bayahuden da iyayensa suka mutu a sansanin tsare Yahudawa, ya ziyarci masanin falsafa Martin Heidegger a Todtnauberg, Jamus. Heidegger ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitler, wadda ta yi wa Yahudawa kisan kiyashi, a 1933. Celan ya je da fatan jin kalma guda daga bakinsa, amma har Heidegger ya mutu a 1976 bai fito fili ya nemi afuwa ba. Shirun nan yana ci mini rai.

Shin ana yafe wa wanda bai roƙa ba? Don Allah kowa ya rubuto ra'ayinsa, ban da saƙon murya.