A buɗe wa mata hanyar zama masu horar da ƙwallo a kwalejojinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato halin da mai horar da 'yan mata ƙwallon ƙafa take ciki a manyan makarantunmu na nan Sakkwato. Na shekara fiye da talatin ina koyar da darasin motsa jiki kafin in yi ritaya, saboda haka ganau ne ni, ba jiyau ba.

Masu bibiyar wasanni za su tuna da Randy Waldrum, Ba'amurken da ya horar da Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta Najeriya, daga 2020 zuwa 2024. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, mutumin nan a jami'a ya gina sunansa. Ya yi aiki a Jami'ar Tulsa, daga nan ya koma Baylor inda aka damƙa masa aza harsashin ƙungiyar mata a 1996, sannan ya tafi Notre Dame a 1999, ya ci musu kofin jami'o'in Amurka sau biyu, a 2004 da 2010. Ya taɓa aiki da ƙungiyar ƙwararru ta Houston Dash, amma daga baya ya sake komawa jami'a, kuma duk tsawon lokacin da yake riƙe da Falcons bai ajiye aikinsa na Jami'ar Pittsburgh ba. An soke shi a kan haka, kuma ni ma ina ganin sukar tana da hujja. Sai dai a hannunsa 'yan matanmu suka doke Ostireliya da ci 3 da 2 a gidanta a gasar cin kofin duniya ta 2023, suka kuma riƙe Ingila har sai da aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ba yabon mutumin ne ya sa na kawo labarinsa ba. Abin da nake so a duba shi ne hanyar da ya bi, domin shimfiɗaɗɗiya ce, kuma an shimfiɗa ta ne tun 1972, lokacin da Amurka ta kafa dokar da ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin maza da mata, har da fagen wasanni. Tun daga nan jami'o'i suka riƙa buɗe ƙungiyoyin mata, suna ɗaukar masu horarwa aiki da albashi. Matashi yakan fara a matsayin mataimaki, wani lokaci yana karatun digiri na biyu, ya koyi tsara atisaye da zaƙulo 'yan wasa daga sakandare da kula da karatunsu, har ya kai ga riƙe ƙungiya shi kaɗai. Tun ranar farko ya san matakin da ke gabansa da wanda ke biye.

To, a kwatanta wannan da wata tsohuwar ɗalibata, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Ta yi NCE a fannin motsa jiki da lafiya, yanzu tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata a cikin garin nan. Kwanakin baya da hunturu na je na same ta da ƙarfe shida da rabi na safe, hazo ya rufe gari, tana duƙe tana zana layin fili da toka a cikin tsohon gwangwanin madara. 'Yan mata kusan ashirin suna jiranta sanye da dogayen wanduna da ƙananan hijabai, ƙwallo biyu ne gare su, ɗaya ma an yi mata faci har sau uku. Da na ga yadda ta raba su gida huɗu, tana koya musu tarbar ƙwallo da cikin ƙafa da ɗaga kai kafin a ba da ita, sai na ji hawaye ya taho mini, domin ni na san irin wannan baiwar ba a koyar da ita a aji. Amma shekara takwas ke nan tana wannan aiki a kan sha'awa, babu alawus, babu takardar da ta kira ta mai horarwa, kuma sau biyu tana neman a ba ta izinin zuwa kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas, ba a ce mata eh ba, ba a ce mata a'a ba.

Na san abin da wasu za su ce, cewa ƙwallon mata ba al'adarmu ba ce. Ni ma uba ne, kuma ba zan yarda 'yata ta fita cikin shigar da ba ta dace ba, ko ta yi tafiyar kwana da namijin da ba muharraminta ba. Amma wannan damuwar ita ce babbar hujjar da ta sa muke buƙatar mata masu horarwa, domin uban da zai hana 'yarsa zuwa fili saboda kocin namiji ne, zai iya sassautowa idan ya ga malama ce, kuma filin yana cikin katangar makaranta. Batun sutura ma an wuce wurin, tunda hukumomin ƙwallon duniya sun halatta wasa da hijabi tun 2014, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga kofin duniya na 2023 da nata a kanta. Arewa kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage: marigayi Ismaila Mabo, mutumin Jos, shi ya kai Falcons zagayen 'yan takwas a kofin duniya na 1999, Justin Madugu na Adamawa kuma shi ya ciyo mana kofin Afirka na goma a Rabat a 2025. Mace ma ta nuna za ta iya, domin Florence Omagbemi ta ɗauki kofin Afirka tana 'yar wasa, ta kuma ɗauke shi tana mai horarwa a 2016.

Roƙona ga shugabannin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Jihar Sakkwato shi ne, kowace ta ware gurbi ko da ɗaya na mace mai horar da ƙwallo, da matakin albashi da ƙarin girma kamar na sauran ma'aikata, ta kuma ɗauki nauyinta ta samo lasisin horarwa na CAF, wato hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, daga matakin D zuwa C har sama. Hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha kuwa tana iya neman a kawo kwas ɗin matakin farko nan filin wasa na Giginya, domin matar aure mai goyo da ba za ta iya barin gida ta tafi Legas ba, za ta iya zuwa Giginya da safe ta koma gida kafin la'asar. Ɗalibar tawa ta ce mini in aka kawo shi, ita ce za ta fara rubuta suna.

Na gode da wannan dama. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani tsohon malamin motsa jiki,
Unguwar Mabera, Sakkwato.