Mai son sayen gida a Florida ya kamata ya fara tambayar kuɗin inshora

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ja kunnen 'yan'uwanmu mazauna Amurka, musamman waɗanda sanyin New York ya ishe su suke shirin dawowa jihar Florida. Duk wanda ya kira ni nan Tampa, farashin gida yake tambaya. Ba mai tambayar inshora, alhali a nan gizo ke saƙar.

In da bashin banki ka sayi gida, inshora dole ce, kuma yawanci a cikin biyan wata ake cusa ta. Ta tashi, biyan wata ya tashi. Florida kuwa tana cikin jihohin da inshorar gida ta fi tsada, saboda guguwar teku da ake zaman ɗarɗar da ita daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. A 2022, shekarar da guguwar Ian ta ragargaza yankin Fort Myers, kamfanonin inshora shida ne suka durƙushe a jihar. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa Citizens, kamfanin da gwamnatin jihar ta kafa a 2002 domin wanda sauran suka ƙi karɓa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, inshorar gida ba ruwanta da ambaliya. Iska ta yaye rufi, za su biya. Teku ya tumbatsa ya shigo falo, sai a ce maka wannan takardarsa daban, yawanci ta shirin tarayya da hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, FEMA, ke kula da shi, kuma galibi sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Guguwar Helene ta 2024 can arewa ta sauka, nesa da mu, amma ruwan da ta turo ya cika gidajen bakin teku a nan. Wanda bai da wannan takarda ta biyu, sai dai ya rungumi ƙaddara.

Ko ɓarnar iskar ma, kai za ka fara zubawa. In an yi wa gidanka inshorar dala 300,000 a kan sharaɗin kai za ka ɗauki kashi 2 cikin ɗari na wannan kuɗi, dala 6,000 ta farko daga aljihunka za ta fito.

Don haka kafin ka sa hannu, ka duba taswirar ambaliya ta FEMA, ka tambayi shekarun rufin gidan (tsohon rufi kan sa kamfani ya ƙi ka), sannan a rubuta maka farashin inshorar biyu a takarda.

Naku,
Wani mai karatu daga Tampa, Florida