Amsa Ga Kawun Da Ya Yi Tambaya Kan Na'urar Tiyatar Zuciya

Assalamu alaikum Kawu,

Ka bugo waya a shirin lafiya na rediyo daga wani ƙauye a ƙasar Ringim. Ka ce ɗanka magidanci ne, likitoci sun ce sai an canza masa ƙofar zuciya, wato murfin da ke hana jini komawa baya a cikinta, kuma ka ji labarin wata ƙaramar na'ura da ta fi sauƙi. Tambayarka gare ni ita ce, ku dakata har a sayar da gona a nemi inda take? Lokaci ya ƙure mana, shi ya sa na rubuto.

Kawu, kada ku dakata saboda ita.

Likita ba ya iya ɗinki a cikin zuciya tana bugawa cike da jini. Sai a tsayar da ita da magani mai sinadarin fotasiyam, a karkata jini ta bututu zuwa na'ura, ta sa masa iskar oksijin, ta mayar da shi jiki. Dakta John Gibbon ne ya fara cin nasara da wannan babbar na'ura a Amurka a 1953, mu kuma a Najeriya an fara buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. Aiki ne da ya daɗe yana ceton rai.

Matsalar babbar na'urar ita ce tsawon bututunta. Kafin a jona ta sai an cika ta da ruwan magani, kusan lita ɗaya da rabi, ruwan nan kuwa duk cikin jinin majiyyaci zai shiga, ya tsinke kamar kunun da aka cika wa ruwa. Ga jinin yana gogar roba, yana haɗuwa da iska a buɗaɗɗen mazubi, jiki ya ɗauka baƙon abu ne ya shigo, sai kumburi ya tashi. Ƙaramar, wadda ake kira MiECC, an gajarta mata bututu, an shafe cikinsa da abin da jini ba ya ƙyama, an rufe hanyar ruf, ruwan da take sha bai kai na waccan ba. Amfaninta da ya fi fitowa fili shi ne raguwar buƙatar ƙarin jini, da raguwar rikicewar bugun zuciya bayan aiki. Mu da muka san wahalar neman leda ɗaya ta jini da tsakar dare ba za mu raina wannan ba.

Amma ƙirji dai sai an buɗe shi, don ƙanƙantar na'ura daban, ƙanƙantar yanka daban. Kuma tana da nata hatsarin: rufaffiyar hanya ba ta yafe kuskure, in iska ta kutsa tana iya kaiwa ƙwaƙwalwa. Sai ƙwararren mai kula da na'ura, da likitan tiyata da mai ba da maganin barci da suka saba aiki tare. Ni dai, na fi yarda da tsohuwar na'ura a hannun da ya saba da ita a kan sabuwa a hannun ɗan koyo. Ita kuwa ƙofar da ta lalace, jinkiri ƙara raunana zuciya yake yi.

In kun koma asibiti, ku tambayi likitan ko suna yawan yin irin wannan aiki, da irin ƙofar da za a sa. In ta ƙarfe ce, zai riƙa shan maganin hana daskarewar jini har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai, to ku duba ko akwai inda ake yinsa kusa da ku. Ku kuma tara 'yan uwa a duba rukunin jininsu tun yanzu.

Allah Ya ba shi lafiya.

Ɗanka,
Ma'aikacin ɗakin tiyata