Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Hakimi Kan Lalacewar Babban Titi

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, mu mazauna unguwannin da ke bakin babban titi, tare da direbobin haya da iyayen yara, muna roƙon ka isar da kokenmu ga hukumar ƙasa mai kula da hanyoyi da sufurin jama'a. Titin nan a hannunta yake, ƙaramar hukuma ba ta da ikon taɓa shi, mu kuma muryarmu ba ta kaiwa inda taka take kaiwa.

Ruwa ne ke cin titin. Kwalbatoci sun cika da yashi da leda, magudanan gefe sun toshe, don haka duk ruwan da aka yi sai ya kwanta a kan kwalta, ya bi ta inda ta tsage ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashi, sannan tireloli da tifofi su bi ta kai har wurin ya burma. Gwajin da injiniyoyi suka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan ƙafafun mota ya ninka biyu, ɓarnar da take yi wa titi takan kai kusan ninki 16. Shi ya sa facin da ake zuwa a yi mana ba ya ganin ƙarshen damina, kuma a ganinmu asarar dukiyar jama'a ce a zuba kwalta ba a buɗe wa ruwa hanya ba.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yaranmu. Motocin haya ba su da wurin tsayawa, a tsakiyar titi suke sauke fasinja, 'yan makaranta kuma suna tsallakawa a guje tsakanin motocin da ke kauce wa ramuka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa a inda mutane ke cuɗanya da motoci, amma a nan ko alama ɗaya babu.

Ranka ya daɗe, muna roƙon hukumar ta turo injiniyoyinta su yashe magudanai kafin ruwa ya sauka, ta ware wa motocin haya tasha, ta yi wurin tsallakawa a gaban makaranta, ta kuma sanar da mu a rubuce ranar da za a fara aiki. Matasanmu a shirye suke su taya aikin yasar.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Daga al'ummar unguwannin bakin titi.