Babu dokin da ba shi da mai shi a Birnin Kebbi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin daren Laraba ya ɓata mini rai, har na kasa ƙarasa tuwona. Sau uku yana maimaita cewa dawakan da ke gararamba a cikin gari ba su da masu su, mai gabatarwa kuma yana ta amsa masa da "haka ne". Haba Malam! Doki tsuntsu ne da zai faɗo daga sama? A bari Sallah ta rage sati biyu a gani. Duk dokin da ya shekara yana tonon bola, ranar za ka ga mai shi ya fito da ragama, a wanke shi, a ɗora sirdi da jalala, a nufi ƙofar fada ana kirari. Ana sauka daga hawa, sai a kwance a ce je ka nema.

Akwai wata goɗiya a shiyarmu, fara, ta fi wata huɗu tana kwana bayan shagona. Bayanta gyambo ne inda sirdi ya ci ta, ƙudaje sun yi baƙi a kai, haƙarƙarinta kana iya ƙirga su daga tsallaken titi. Da idona na ga tana tauna ledar da aka zubar da sauran alale. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi kiwon doki, shi ya gaya mini doki ba ya amai, abin da ya shiga cikinsa ya shiga ke nan, in ya toshe hanji sai birgima da mutuwa. Dabbar da ke shan ruwa fiye da lita 20 a rana, a wannan zafin namu na watan Afrilu, ruwan kwata take sha. Ni nake ajiye mata bokiti da safe, ni tela, da ko akuya ban mallaka ba.

Ranar wata Juma'a da magariba yara suka koro ta da duwatsu, ta faɗa titi a guje, ta yi karo da ƙanena a kan kabu-kabunsa. Ya karye a ƙafa, wata biyu yana kwance, iyalinsa a wuyana. Na je wani ofishi na kai ƙara, suka ce ba huruminsu ba ne, na je na biyu, aka ce in kawo mai dokin. Mai unguwa ya san shi, ni ma na san shi, kowa ya san gidan. Amma babban gida ne, sai aka ce in yi haƙuri.

Kada a kawo mini zancen tsadar dusa da harawa. Na sani, tun cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. To wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. In ba ka iya ciyarwa, ka sayar wa mai iyawa. A da, dabba ta shiga gonar wani ko ta kwana a titi, kama ta ake yi a tsare, mai ita ya biya tara kafin ya karɓa, duba-gari kuma suna zagayawa. Me zai hana hakimai da masu unguwanni su rubuta sunan duk mai doki a shiyarsu, kowa ya kafa turke a gidansa, likitan dabbobi ya riƙa leƙawa? Wannan ya kamata ku tambayi baƙon naku, ba ku bar shi yana wanke masu laifi ba.

Sannan don Allah ku gyara layin wayar nan naku. Na kira ya fi sau goma a daren, sai ƙara yake, amma tallar maganin basir kam kun sa ta har sau huɗu a shirin rabin awa.

Goɗiyar tana nan. Duk wanda kuka turo, ya zo da safe kafin in buɗe shago, zai same ta a bakin bola.

Naku,
Mai sauraro daga Badariya, Birnin Kebbi